Yadda Ake Haɗa 'Yar Kwaba Mai Taya Don Ɓoye Kaskon Tofi

Mahaifinmu ya haura shekara tamanin, kuma tun ina yaro ban san hantsi ya ɗaga babu ɓarin goro a bakinsa ba. Da can a zaure yake wuni, ƙasa ce da rairayi, in ya tofar sai ya sa ƙafa ya binne. Da aka gyara gida aka shimfiɗa tayil, ƙafa kuma ta yi nauyi, sai aka koma ajiye masa gwangwanin madara a gindin kujera. Wata Juma'a surukansa suka zo gaisuwa, na ga ya riƙe yawu a baki ya fi minti goma, yana amsa musu da kai kawai, don kada ya ɗaga gwangwanin nan a gabansu. Da suka fita ya dube ni ya ce, "Kai da kake taɓa aikin katako, ba ka da wata dabara?"

Abin ya tsaya mini a rai. Dattijon da ya ciyar da gida shekara da shekaru bai kamata ya zauna yana jin nauyin yawun bakinsa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai juna biyu da yawu ke tarar mata a watannin farko, akwai mai jinyar da majina ta dama, akwai wanda ɓarin jiki ya taɓa har haɗiya ta yi masa wuya. Duk suna bukatar kasko a kusa, kuma babu mai son a gan shi.

Kafin mu ɗauki zarto, ga abin da na koya da wahala. Kaskon da aka ɓoye ya fi wanda ke fili saurin zama annoba, domin abin da ido bai gani ba hannu yakan manta da shi. Kwabar farko da na haɗa, na rufe ta ruf babu ko huji ɗaya, na yi ta da allon nan na garin katako da aka matse, wanda ake kira MDF, na sa mata ƙananan tayoyi. Damina ɗaya ta gama da ita. Ƙasan ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, in an buɗe sai wari ya bugi mutum, rannan kuma taya ta harɗe a bakin darduma ta kife. Don haka duk ma'aunin da zan bayar a nan, manufarsa uku ce: a buɗe da hannu ɗaya, a iya zare duk abin da yawu ya taɓa a wanke, kuma kada ta faɗi.

Fara da kaskon, ba da katako ba

Sayi kaskon tukuna, sannan ka gina masa gida. Wanda ya yanka katako kafin ya sayi mazubi zai ƙare yana yawon kasuwa da ma'auni a hannu yana neman abin da zai shiga.

Nemi roba mai kauri, mai santsin ciki, mai murfin da ke manne da jikinta, irin wanda ake ɗagawa da babban yatsa. Faɗin bakinta santimita 14 zuwa 16, tsawonta da murfi kada ya wuce 16. Kauce wa mai murfin murɗawa, tsoho mai ciwon gaɓoɓi ba zai iya fama da shi ba, a ƙarshe zai bar shi a buɗe. Gwangwani yana tsatsa, bakinsa kuma yana yanka. Kaskon ƙasa yana da kyau a zaure, amma yana tsotse ruwa ya riƙe wari, bai dace da cikin kwaba ba. Silba tana da kyan gani, sai dai in za a riƙa zuba sinadarin bilic, yana cinta a hankali. Sayi guda biyu iri ɗaya, in ɗaya na shanya a rana ɗayan na aiki. Haɗa da ƙaramin tire na roba wanda faɗinsa bai wuce santimita 27 ba.

Sannan je ka zauna inda mai abin yake zama. Auna daga ƙasa zuwa hannun kujerarsa, ko zuwa saman katifar gadonsa. Yawancin kujerun falo da gadaje, kwaba mai tsawon santimita 55 zuwa 56 tana yi musu daidai, kuma a kan wannan na gina lissafin da ke tafe. Duba kuma ta wane gefe zai ajiye ta. A wurinmu hagu ne, don da hagu aka saba ɗaukar abin ƙazanta, dama kuwa ta musabaha ce da cin abinci. In ɓarin hagu ne ya samu matsala, ai lalura ta wuce al'ada, sai a koma dama.

Kayan da za ka nema

Rabin fallen filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu, wato milimita 18, ya ishi gangar jikin. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, rabinsa santimita 122 kowane gefe. Ƙara da guntun mai rabin inci don durowa, da guntun mai kwatan inci don baya. A 'yan katako irin na Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ana samun guntaye wurin kafintoci ba sai an sayi falle guda ba. Dubi gefen filawud ɗin da kyau: in ka ga ramuka tsakanin yadudduka, ko ya fara ɓarewa in ka sa farce, bar musu kayansu. Ɗaga shi ka hanga ta gefe, ka tabbata bai lanƙwashe ba.

Wasu za su ce a yi da katako zalla, madaci ko malaina. Yana da kyau in ya bushe sarai. Matsalar ita ce yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ne, ka haɗa da damina, hunturu na shigowa ya tsage ko ya murɗe, durowa ta ƙi shiga. Filawud ba ya wannan rawar.

Sauran kaya: ƙarfen durowa mai ƙwallaye a ciki, mai tsawon inci 12, irin wanda ke fitowa gaba ɗaya, tayoyi huɗu masu juyawa na inci 2, biyu a cikinsu masu birki, hinji biyu, ƙaramar sakata, mariƙi uku, sukuru na inci ɗaya da rabi da na inci biyar bisa takwas, gam ɗin katako irin su Top Bond, samfefa mai kaushi da mai laushi, fentin mai, silikon, da ɗan ƙyallen ragar sauro. Kayan aiki kuwa zarto, sukwaya, tef ɗin awo, injin huji da sukundireba. In ba ka da su, kai wa kafinta wannan lissafin ka tsaya a kansa.

Yanka

Duk lambobin nan santimita ne. Daga mai kaurin milimita 18:

Gefe biyu, kowanne 45 da 36
Ƙasa, 36 da 36
Sama, 40 da 40
Shiryayyen tsakiya, wato allon da zai raba cikin kwaba sama da ƙasa, 32.4 da 36
Fuskar durowa, 35.6 faɗi da 22.5 tsawo
Ƙofar ƙasa, 35.6 faɗi da 23.5 tsawo

Daga mai rabin inci, na durowa: gefe biyu 30 da 10, gaba da baya 27.4 da 10, ƙasanta 29.8 da 30, sai allon riƙe kasko 27 da 27. Daga mai kwatan inci, baya guda, 36 da 46.5.

Auna kaurin filawud ɗinka da kanka kafin ka yanka. Abin da ake sayarwa da sunan 18 sau da yawa 16 ne ko 17. In haka ne, faɗin shiryayye shi ne 36 a cire kaurin gefe biyu, faɗin durowa kuma ya bi wannan sabon lissafin. Rubuta sunan kowane yanki a jikinsa da fensir, don ƙasa da shiryayye da gefuna suna kama da juna in sun taru a ƙasa.

Haɗa gangar jiki

A kan kowane gefe, auno 22 daga bakin sama ka ja layi da sukwaya. Saman shiryayye zai zauna a kan wannan layin. Ɗakin sama mai tsawon 22 shi ne na kasko, na ƙasa mai 21 da ɗoriya shi ne na ajiya.

Dasa gefunan a kan allon ƙasa, kada ka maƙala allon a tsakaninsu. Wannan ƙaramin bambanci ne mai amfani, domin nauyin kwabar zai sauka kan allo, allo ya sauke kan taya, maimakon ya rataya a wuyan sukuru. Shafa gam, fara huda siririn rami kafin ka ɗaura kowane sukuru, in ba haka ba bakin filawud yana tsagewa. Sukuru uku a kowane haɗi sun isa. Shigar da shiryayye a kan layinsa ka ɗaure ta waje. Goge gam ɗin da ya tsattsafo da ɗanyen tsumma nan take, in ya bushe fenti ba ya kama wurin.

Kada ka ɗora sama tukuna. Yanzu da hannu ke iya shiga, shi ne lokacin ɗaura ƙarfen durowa. Yanko guntun katako mai tsawon santimita 3, kwantar da shi kan shiryayye jingine da gefe, ɗora ƙarfen a kansa, ja shi baya da bakin gaba kamar milimita 2, ka ɗaure. Ɗauki guntun nan dai ka yi haka a ɗaya gefen. Da wannan dabarar ƙarafan biyu za su zo daidai ba tare da dogon awo ba.

Sai ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta baya, sau biyu a gicciye. In lambobin biyu sun zo ɗaya, akwatin ya miƙe. In sun bambanta, matsa doguwar kusurwar da hannu har su daidaita, sannan ka buga allon baya, shi zai riƙe shi a haka. Ɗora sama, ya zarta da santimita 2 a hagu da dama, ta gaba kuma ya rufe kaurin fuskar durowa. Goge kusurwoyinsa huɗu da samfefa har su zama da'ira, saboda ƙwaurin tsoho da goshin jikoki. Kewaye gefe uku na saman da siririn katako mai tsawon santimita ɗaya da rabi, don kada kofi ko carbi su zame in ana turawa.

Durowa, inda aikin yake

Na gwada ƙofa, na gwada murfin sama, na dawo kan durowa. Ƙofa tana sa mutum ya sunkuya yana lalube a duhu, kuma in ta buɗe duk wanda ke ɗakin ya ga abin da ke ciki. Murfin sama kuwa sai an kwashe duk abin da ke kai kafin a ɗaga. Durowa ita ke kawo kaskon gaban mai shi. Ga kuma abin da na fi so a cikinta: akwatin durowar santimita 10 ne kawai, amma fuskarta 22.5 ce. Idan aka jawo ta, wannan doguwar fuska ta zama labule. Baƙon da ke zaune a gaba allo kawai yake gani, kaskon yana bayansa.

Irin wannan ƙarfen yana cin rabin inci a kowane gefe, shi ya sa aka rage 2.6 daga 32.4 aka samu 29.8. A nan babu wasa da milimita. In durowa ta yi faɗi za ta cije, in ta yi ƙanƙanta ƙarfen zai riƙa sakinta. Haɗa gefuna da gaba da baya da gam da sukuru, buga ƙasan daga ƙarƙashi, ka sake gwada kusurwa da kusurwa. Kwantar da guntun filawud mai rabin inci a kan shiryayye, ɗora durowar a kai, jawo harsunan ƙarfen tare da ita kaɗan kaɗan kana ɗaurewa da gajerun sukuru, sannan ka zare guntun. Ja ka mayar sau ashirin. Ya kamata yatsa ɗaya ya isa.

A cikin durowar, manna sirara biyu na katako a hagu da dama, santimita 2 ƙasa da baki. A kansu allon riƙo zai kwanta, ba gam ba ƙusa, don a riƙa cire shi. Sa tiren roba a ƙasan durowa, ɗora kasko a kai, ka auna faɗin cikinsa daidai inda allon zai kewaye shi, ka ƙara rabin santimita. Da ƙusa da zare da fensir za ka zana da'irar. Kada ka sa ta a tsakiya, matso da ita ɓangaren da mai kujera yake, sauran filin ya zama na takardar goge baki. Huda rami a cikin da'irar, ka zura siririn zarto ka bi layi. Gutsure kusurwa ɗaya ta allon yadda yatsa zai shiga ya ɗaga shi. Ka lura, kaskon a kan tire yake zaune, ramin hana shi zamewa kawai yake yi idan kwaba na tafiya. Abin da ya ɗiga kuma tire ne zai tare, ba katako ba.

Wajen ɗaura fuska, rufe durowa, sa kwali mai kaurin milimita 3 tsakanin fuskar da allon sama, riƙe ta daidai, ka ɗaure daga ciki da sukuru huɗu. Mariƙi ya zama dogo wanda yatsu huɗu ke shiga. Ɗan ƙulli mai kama da maɓalli yana da kyau a ido, amma hannun da ke rawa ba ya kama shi. Ƙofar ƙasa a rataya ta da hinji biyu, a bar milimita 3 tsakaninta da fuskar durowa, a sa mata sakata. Ragowar mariƙi biyun na gefunan kwaba ne, a sama, don ɗagawa a dokin ƙofa.

Iska da ruwa

A allon baya, daidai ɗakin sama, huda ramuka 12 zuwa 15 masu faɗin santimita ɗaya, yawancinsu can sama. Rufe su ta ciki da ragar sauro, a manne ta da gam da siraran katako. Ba tare da raga ba, ka gina wa kyankyasai da ƙudaje masauki. Ramukan a baya suke don iskar ta nufi bango, ba wajen baƙi ba, kuma a bar tazarar tafin hannu tsakanin kwaba da bangon. Durowar ma da gangan aka yi ta 30 a cikin zurfin 36, filin da ya rage a baya hanyar iska ce.

Ruwa ta baki yake shiga filawud, wato gefen da aka yanka. Goge ko'ina da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, cike ramuka, ka fara shafa wa bakunan nan fenti su sha su ƙoshi kafin ka bi sauran jiki. Ciki da durowa da allon riƙo, shafi uku na fentin mai, ana barin kowanne ya kwana, ana ɗan gogewa da mai laushi a tsakani. Cire ƙarafan durowa kafin fenti, ko ka rufe su da takarda. Farin fenti nake sa wa ciki, da dalili: jan yawun goro yana fitowa ɓaro-ɓaro a kan fari, mai shara ya gani ya goge. Launi mai duhu ɓoye datti yake yi, mu kuwa daga baƙo muke ɓoyewa, ba daga mai wanki ba. Waje kuma a yi masa launin kujerun ɗakin, yadda wanda ya shigo zai ɗauka teburin gefen kujera ne. In fenti ya bushe, bi kusurwoyin cikin durowa da silikon ka lailaye da jiƙaƙƙen yatsa. Bar kwabar a inuwa mai iska, a buɗe, kwana huɗu ko biyar. Warin fentin mai yana tayar da tari, ga mai ciki kuma yana tayar da zuciya.

Taya da nauyi

Kifa kwabar, ka ɗaura tayoyin can kusa da kusurwoyi, kamar santimita 2 daga baki. Duk yadda suka yi nisa da juna, haka take ƙara tsayuwa. Masu birki su zo gaba, inda ƙafa za ta iya taka su. Birkin nan wajibi ne, don in babu shi, mutum zai ja durowa sai kwabar gaba ɗaya ta biyo shi. Zaɓi taya mai baƙar roba, ba ta ƙara a kan tayil kuma ba ta yaga ledar ɗaki. In daɓen siminti ne mai gargada, ko za a riƙa fita da ita tsakar gida, sa mai inci 3, ka rage santimita 3 daga tsawon gefuna da ƙofar ƙasa da allon baya.

Durowa in ta fito da kasko a ciki, nauyi ya koma gaba, in mutum ya ɗan dafa ta kuwa sai kifewa. Maganin yana ɗakin ƙasa. Cika roba mai murfi mai cin lita 4 da busasshen rairayi, kilo biyar zuwa shida ke nan, ka tura ta can baya. Rairayin da za a riƙa zubawa a kasko shi ne kuma ke danne kwabar. Kada a bari ya yi ƙasa da rabi. Gwada da kanka: taka birki, jawo durowa har ƙarshe, danna bakinta da tafin hannu. In tayoyin baya sun ɗaga da ɗan danni kaɗan, ƙara nauyi. Duk da haka a gaya wa mai ita cewa ba sanda ba ce, kada ya dogara da ita wajen miƙewa.

Wanda a ƙasa yake zama, kan darduma ko buzu, kamar yawancin malamanmu, a yi masa gajeruwa. A bar ɗakin ƙasa gaba ɗaya, gefuna su zama 22, a ninka allon ƙasa biyu don nauyi.

Abin da za a zuba, da yadda za a zubar

Ga mai cin goro ko mai juna biyu, shimfiɗa leda a cikin kaskon, zuba rairayi mai tsabta kaurin yatsa biyu, barbaɗa toka a kai. Rairayi yana shanye ruwa, toka tana kashe wari. Tokar ta kwana ta huce sarai, ka tuna gidan katako za ta shiga. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A hadisin Anas ɗan Malik, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tofi a masallaci laifi ne, kaffararsa kuwa binne shi. Abin da Baba yake yi da ƙafa a zaure ke nan, kaskon rairayi kuma zauren ne aka ƙanƙanta aka sa a durowa.

A juye safe da yamma, ko ya cika ko bai cika ba. A ɗaura aikin a kan wani abu da ba a mantawa, misali bayan sallar asuba da bayan la'asar, kuma a san wanda ke da alhakinsa. A gidanmu ni ne da safe, ƙanwata da yamma. Ban yarda a ba ƙananan yara wannan aiki ba. Rairayin a tona rami a bayan gida a juye a rufe, kada a zuba a masai na ruwa, yana toshe bututu. A wanke kaskon da sabulu, a kifa a rana, a ɗauko ɗan'uwansa. Ranar Juma'a a zare allon riƙo da tire a wanke, a goge cikin durowa, a bar ta a buɗe awa guda. Sannan a wanke hannu da sabulu kowane lokaci.

In mai tari ne, maganar ta canza, kuma ina roƙo a saurare ni a nan. Tarin da ya kai mako biyu, musamman in akwai rama, zufar dare ko jini a majina, asibiti yake nema. Tun 1882 likitan Jamus Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, kuma an san ta iska take bi idan mai ita ya yi tari ko atishawa. Kwaba ba ta tare iska. Abin da ke kare mutanen gida shi ne gwaji, da shan magani har wata shida ba yankewa, da buɗe tagogi, da rufe baki lokacin tari. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware a Najeriya. Kada kyan kwaba ya sa a ɓoye ciwo tare da kasko.

Ga irin wannan majinyaci, a bar rairayi. A duba jikin robar bilic, irin su Jik ko Hypo, in an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, a haɗa awo ɗaya da awo shida na ruwa. A zuba kaɗan a kasko ya rufe ƙasansa, murfi kullum a rufe. Lokacin zubarwa a sa safar hannu, a ƙara ruwan haɗin ya shanye abin da ke ciki, a bari rabin awa, a juye a masai. Kullum a yi sabon haɗi, don ƙarfinsa yana raguwa in ya kwana. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, yana tayar da hayaƙi mai illa ga huhu. Robar bilic ɗin ma kada ta zauna a ɗakin ƙasa na kwaba, sakata ba ta gagarar yaro mai shekara huɗu. In ma'aikacin lafiya ya ba da wani umarni dabam, nasa za a bi.

Ranar miƙawa

Kai kwabar inda za ta zauna, taka birki, ka bar mai ita ya gwada da kansa kana kallo ba ka sa hannu ba. A nan za ka ga abin da awo bai nuna maka ba. Baba da ya gwada, sai na ga yana miƙa hannu fiye da kima, domin na jera fuskar kwabar daidai da gaban kujera. Muka ja ta baya kamar taƙi ɗaya, yadda durowa in ta fito kaskon zai tsaya daidai gwiwarsa. Ya ja, ya ɗaga murfi da babban yatsa, ya mayar, ya ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Kafin magariba ya ɗora rediyonsa da carbi da ƙunshin goro a kai.

Bayan mako biyu ka dawo da sukundireba ka bi sukurun tayoyi da na mariƙi, sukan saki a farkon amfani. Kifa tayoyin ka cire zare da gashin da suka naɗe a gindinsu, ka ɗiga wa ƙarfen durowa man keken ɗinki. Da hunturu ƙura takan toshe ragar baya, sai a bi ta da tsohon buroshin haƙori sau ɗaya a wata.